Yadda Za Ka Bi Wasannin Jami'o'in Amurka Daga Katsina, Har Ka Iya Yin Musu a Kansu

A majalisar da nake zama bayan la'asar a wajen Ƙofar Ƙaura, hirar wasanni ba ta cika wuce gasar Firimiya ta Ingila da halin da Katsina United take ciki ba, har zuwa lokacin da wani ƙanenmu ya fara zuwa da jajayen idanu saboda rashin barci, yana ba mu labarin wasannin jami'o'in Amurka. Wani dattijo da yakan zauna tare da mu ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce masa, "Yanzu kai, ɗana, wasan 'yan makaranta ne yake hana ka barci?" Yaron bai yi gardama ba, ya dai buɗe wayarsa ya ce, "Baba, dubi filin makarantar." Filin Jami'ar Michigan ne, wanda yake ɗaukar mutum 107,601, adadin da ya kusa kai yawan mazauna garin Ann Arbor inda jami'ar take. Daga wannan rana ne wasu daga cikinmu muka fara bin waɗannan wasanni, kuma abin da zan bayyana a nan shi ne hanyar da na ga ta fi sauƙi ga mai farawa, tare da kurakuran da muka yi kafin mu gane kan abin.

Abu na farko shi ne ka ajiye ma'aunin ƙwallon Turai a gefe, domin idan ka auna wasannin jami'o'i da shi, komai zai zo maka a karkace. A Turai, kulob ne yake renon yaro tun yana ƙarami, ya sayar da shi ko ya riƙe shi shekara goma. A Amurka kuwa makaranta ce take wannan aiki, kuma jami'o'in sun riga ƙungiyoyin ƙwararru fara wasa da nisa. An buga wasan ƙwallon Amurka na farko tsakanin jami'o'i a 1869, tsakanin Rutgers da Princeton, alhali gasar ƙwararru ta NFL sai a 1920 aka kafa ta. Ƙwallon kwando ma a makaranta aka haife shi, lokacin da James Naismith ya ƙirƙiro shi a 1891 a Springfield ta jihar Massachusetts, kuma gasar zakarun jami'o'i ta fara a 1939, shekara 7 kafin a kafa gasar ƙwararrun kwando da ta zama NBA. Har gobe akwai jihohi irin su Alabama da Nebraska waɗanda ba su da ƙungiyar NFL, da irin su Kentucky da Kansas waɗanda ba su da ta NBA, saboda haka jami'ar jihar ita ce abin alfaharin manomi da ɗan kasuwa da wanda bai taɓa shiga ajinta ba. Hukumar da take kula da duk wannan ita ce NCAA, mai hedikwata a Indianapolis, wadda ta raba makarantu mataki uku, kuma mataki na ɗaya shi ne wanda ake yawan magana a kansa.

Abin da ya biyo bayan wannan tsari shi ne ɗan wasa baƙo ne a ƙungiyarsa. A bisa al'ada kakar wasa huɗu yake da ita, gwanayen kuwa ba sa ma cika ta. Dokar NBA ta yarda a ɗauki yaro idan ya kai shekara 19 kuma ya yi shekara ɗaya da barin sakandare, don haka fitaccen ɗan ƙwallon kwando yakan yi kaka ɗaya tak ya wuce, yayin da NFL take buƙatar shekara uku. Wanda ya saba bin Ronaldo daga kulob zuwa kulob zai sha wahala a nan, saboda kafin ya gama haddace sunan gwaninsa, gwanin ya tafi. Makaranta ake goyon baya, da kocinta, da launin rigarta, da tsohuwar gabar da take tsakaninta da maƙwabciyarta. Mafi kusa da wannan a wajenmu shi ne dambe, inda ɗan kallo yake tsayawa a ɓangaren Kudu ko Arewa ko Guramada shekara da shekaru, 'yan damben suna zuwa suna wucewa.

Zaɓen makaranta

Ka zaɓi makaranta ɗaya, ko biyu idan kana son ɗaya a ƙwallon Amurka ɗaya a kwando, ka tsaya a kanta aƙalla kaka guda. Makarantun mataki na ɗaya sun haura 350, kuma wanda ya ce zai bi su duka ba zai san ko ɗaya ba. Akwai hanyoyi da dama na zaɓe, amma wadda na fi ganin tana ɗorewa ita ce ka nemi wata alaƙa da za ka iya faɗa idan an tambaye ka. Ɗan Najeriya ba zai rasa irin wannan alaƙa ba. Hakeem Olajuwon ya bar Legas ya je Jami'ar Houston, ya kai ta wasan ƙarshe a 1983 da 1984, kuma a 1984 ɗin shi aka fara ɗauka a zaɓen 'yan wasan NBA, Michael Jordan na Jami'ar North Carolina ya zo na uku. Emeka Okafor ya ci kofi da UConn, wato Jami'ar Connecticut, a 2004. Al-Farouq Aminu, wanda ya buga wa Najeriya, a Wake Forest ya yi wasa. A ɓangaren mata, Nneka Ogwumike da ƙanwarta Chiney sun yi fice a Stanford, Arike Ogunbowale kuma ta jefa ƙwallon nasara a daƙiƙun ƙarshe har sau biyu a jere, a wasan kusa da na ƙarshe da kuma na ƙarshen, ta ba Notre Dame kofin 2018. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya kuma ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019, shi ma ta wata ƙaramar kwaleji a jihar North Dakota ya shiga harkar.

Idan kuma tarin kofuna ne yake burge ka, a kwandon maza UCLA ce a gaba da 11, waɗanda koci John Wooden ya ciyo 10 daga cikinsu tsakanin 1964 da 1975, sai Kentucky mai 8. A ƙwallon Amurka sunayen da za ka riƙa ji su ne Alabama, Ohio State, Michigan, Georgia, Notre Dame, Texas da Oklahoma. Shawarata dai kada ka ɗauki wadda ta ci kofi bara don kawai ta ci, saboda a majalisa ba a raga wa mai bin inda iska ta kaɗa, kuma a wannan harka ƙungiyar bara ba ita ce ta bana ba.

Da zarar ka zaɓa, sai ka nemi sanin abokiyar gabarta, domin rabin daɗin yana nan. Mai goyon bayan Michigan yana iya yafe wa kocinsa rashin kofi, amma da wuya ya yafe masa shan kashi a hannun Ohio State a wasan da suke yi a ƙarshen watan Nuwamba. Haka Alabama take da Auburn, su biyun a jiha ɗaya, haka kuma Duke take da North Carolina a kwando, makarantu biyu da tazarar da take tsakaninsu ba ta kai ta Katsina zuwa Jibiya ba. Sannan ka san rukunin da take ciki, saboda makarantu a rukuni-rukuni suke wasa, kuma manyan su ne SEC, Big Ten, Big 12 da ACC. Kada sunayen su ruɗe ka, tun da Big Ten, wadda sunanta yake nufin goma, ta koma makarantu 18 a 2024 bayan shigar USC, UCLA, Oregon da Washington, a shekarar da Texas da Oklahoma suka koma SEC. Kuɗin talabijin ne yake jawo irin wannan ƙaura. Babu faɗawa ƙaramin rukuni saboda rashin ƙoƙari kamar yadda aka saba a Turai.

Dokokin da ba makawa sai ka san su

Ƙwallon kwando ba zai ba ka wahala ba idan ka taɓa kallon NBA ko ka leƙa filin kwando na wata makaranta a nan gida. Bambancin da za ka riƙe kaɗan ne. Maza suna wasa rabi biyu na minti 20 kowane, mata kuma kashi huɗu na minti 10; ƙungiya tana da daƙiƙa 30 ta yi jifa, maimakon 24 na NBA; ɗan wasa yana fita idan ya yi laifi biyar, maimakon shida. Wannan ya sa maki ba ya yawa kamar na ƙwararru, kuma fitaccen ɗan wasa da ya yi laifi biyu da wuri yakan koma benci har a tafi hutu, abin da yake iya juya wasa gaba ɗaya.

Ƙwallon Amurka shi ne mai bukatar haƙuri. Wasu suna kiransa zari-ruga saboda kamarsa da wasan da ake yi a Ingila da Afirka ta Kudu, amma dokokinsu sun bambanta ƙwarai. A karon farko da na kalla, abin da na gani kawai shi ne ƙarti sanye da hular kwano suna karo, a busa usur, su tashi su sake. Abin da ya buɗe mini ido shi ne fahimtar cewa wasan cin ƙasa ne, kuma da yadi ake auna shi, yadin nan dai da ake auna shadda da shi a Babbar Kasuwa. Filin yadi 100 ne, da ƙarin yadi 10 a kowane ƙarshe, wanda shi ne gidan kowace ƙungiya. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Ƙungiyar da take riƙe da ƙwallo tana da yunƙuri huɗu ta ci yadi 10, ko da gudu da ƙwallon ko da jifa zuwa ga abokin wasa. Idan ta ci, a sake ba ta wasu huɗun; idan ta kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan karawa daga inda aka tsaya, shi ya sa a yunƙuri na huɗu yawanci ake dokan ƙwallon nesa don a mayar da su baya. Shiga gidan abokan karawa da ƙwallo, abin da suke kira tacdawun, maki 6 ne, sannan a ba ka damar ƙarin maki 1 da bugun ƙafa ko 2 da sake shiga. Buga ƙwallo ya ratsa tsakanin ƙarafan nan biyu masu kama da baushe maki 3 ne, kama ɗan wasa da ƙwallo a cikin gidansa kuma maki 2 ne. Lokacin wasa kashi huɗu ne na minti 15, sai dai agogo yana yawan tsayawa, don haka ka ware sa'a uku ko fiye. Ba a tashi canjaras.

Idan kana kallo, ka sa ido kan rubutun da yake ƙasan allo, wanda yake nuna yunƙuri na nawa ake ciki da kuma yadi nawa ya rage. Yunƙuri na uku shi ne inda wasa yake tsinkewa ko ya ɗore, kuma a nan ne za ka ji filin ya ɗauki ihu. Abu na biyu da za ka sa wa ido shi ne kwatabak, wato wanda ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane yunƙuri, shi ne madugun hari, kuma yawancin musun da za ka ji a kansa ne. Bayan wasa uku ko huɗu, sai ka fara ɗauke ido daga ƙwallon kana duban layin ƙartin da suke kare shi, domin ƙungiyar da layinta ya fi ƙarfi ita ce take cin wasa a mafi yawan lokuta, ko da yake ba su ake nunawa a taƙaitaccen bidiyo ba.

Daidaita agogo da kalanda

Kakar ƙwallon Amurka tana farawa a ƙarshen Agusta ta kai farkon Disamba, yawancin wasanni ranar Asabar, kowace makaranta wasa 12. Daga nan sai wasannin cin kofin rukuni, sai gasar fitar da zakara wadda take ƙarewa a Janairu. Kwando yana farawa a Nuwamba ya ƙare a farkon Afrilu. Jadawalin da za ka gani a intanet yawanci da agogon gabashin Amurka ake rubuta shi, kuma Katsina tana gabansa da sa'a 5 daga Lahadi ta biyu a Maris zuwa Lahadi ta farko a Nuwamba, da sa'a 6 a sauran watanni, saboda su suna juya agogonsu mu ba ma juyawa. Wasan da aka rubuta ƙarfe 12 na rana a watan Satumba zai same ka da ƙarfe 5 na yamma, na ƙarfe 3:30 ya zo da 8:30 bayan isha'i, na 7:30 na dare kuma ya faɗa 12:30 na tsakar dare. Mun taɓa taruwa a ɗakin wani abokinmu a tsakiyar Nuwamba muka zauna sa'a guda cur muna zargin mai tashar, ashe agogon can ne ya koma baya ba mu sani ba.

Kada ka sa rai da gidan kallo, domin ƙarfe 5 na yammacin Asabar lokacin Firimiya ne, kuma babu mai gidan kallon da zai kori masu biyan kuɗi saboda mutum uku. Tashar ESPN tana nuna wasanni da dama ga mai tauraron ɗan'adam a gida, manhajarta kuma tana ba da sakamako da ƙididdiga ba tare da cin data mai yawa ba. Ga wanda ba zai iya raba dare ba, manyan rukunonin suna saka taƙaitattun wasanni a YouTube, sai ka kalla da safiyar Lahadi, ka haɗa da karanta ƙididdigar wasan. Sai dai taƙaitaccen bidiyo yana nuna abin da ya yi kyau ne kawai, saboda haka ka yi ƙoƙari ka kalli cikakken wasan makarantarka ko sau ɗaya a wata kafin ka buɗe baki a kanta.

Yadda ake musun

Musun waɗannan wasanni ya fi na Turai zafi saboda dalili ɗaya, wato babu teburi guda da kowa ya buga da kowa. Makarantu sama da 130 ne daga cikin na mataki na ɗaya suke a babban ajin ƙwallon Amurka, kowace da wasa 12, don haka dole a yi hukunci da ra'ayi. Tun 1936 kamfanin dillancin labarai na AP yake tattara ƙuri'un 'yan jarida yana jera ƙungiyoyi, yanzu 25 a kowane mako, kuma lambar da kake gani kusa da sunan makaranta a farkon kaka daga nan take. Gasar fitar da zakara ta fara a kakar 2014 da ƙungiyoyi huɗu da wani kwamiti yake zaɓa, aka faɗaɗa ta zuwa 12 a kakar 2024, kuma Ohio State ce ta ci ta farko a tsarin biyun.

Saboda haka idan wani ya ce maka ƙungiyarsa ta ci wasa tara ba a doke ta ba, tambayar da za ka yi masa ita ce, "Su wa ta doke, kuma a gidan wa?" Manyan makarantu sukan biya ƙanana kuɗi su zo gidansu a lallasa su a farkon kaka, kuma irin wannan nasara ba ta da nauyi. Misalin da ya kamata kowane mai musu ya riƙe shi ne na 2023, lokacin da Florida State ta ci wasanninta 13 duka har da kofin rukunin ACC, amma kwamiti ya bar ta a waje ya ɗauki Alabama wadda aka doke sau ɗaya, yana kafa hujja da cewa kwatabak ɗin Florida State, Jordan Travis, ya ji rauni kuma ƙungiyar ba ta da ƙarfinta na da. A nawa ganin an zalunce su, domin idan cin kowane wasa bai isa ba, ban san amfanin buga wasannin ba. Amma na ji masu cewa aikin kwamiti shi ne ya kawo huɗun da suka fi ƙarfi a ranar zaɓe, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Kafin ku fara irin wannan musu, ku tsayar da abin da kuke aunawa, wanda ya cancanta ko wanda ya fi ƙarfi, in ba haka ba za ku kai magariba kowa yana magana a kan abu daban.

Haka yake a musun 'yan wasa, inda kuskuren da aka fi yi shi ne cakuɗa gwanintar jami'a da ta ƙwararru. Kyautar Heisman, wadda ake bayarwa tun 1935 ga gwarzon ɗan ƙwallon Amurka na shekara, kan abin da aka yi a jami'a take magana, kuma mutum ɗaya ne ya taɓa cin ta sau biyu, Archie Griffin na Ohio State a 1974 da 1975. Tim Tebow ya ci ta a 2007, ya kuma ɗauki kofin ƙasa sau biyu da Florida, amma bai daɗe a NFL ba. Tom Brady kuwa, da ya fito daga Michigan, sai a lamba ta 199 aka ɗauke shi a zaɓen 'yan wasan NFL na 2000, ya je ya ci kofin Super Bowl, wato kofin zakarun NFL, sau 7. Wanda ya ce Tebow ba gwani ba ne a jami'a saboda abin da ya faru daga baya bai yi adalci ba. A kwando kuma kada yawan maki kaɗai ya ɗauke maka hankali. Ka duba jifa nawa mutum ya yi kafin ya tara makin, da irin ƙungiyoyin da ya tara shi a kansu, da abin da yake yi idan ƙwallo ba ta hannunsa. A 1983 Houston ta sha kashi a wasan ƙarshe da maki 54 da 52 a hannun North Carolina State, da ƙwallon da aka zura a daƙiƙar ƙarshe, amma duk da haka Olajuwon aka ba kyautar gwarzon gasar.

A kan koci ne kaɗai tarihi yake da nauyi sosai, tun da shi ne yake zama yayin da yara suke wucewa. Nick Saban ya ci kofin ƙasa 7, ɗaya da LSU a 2003, shida da Alabama, kafin ya yi ritaya a Janairun 2024, kuma duk wanda zai kawo sunan wani koci a gabansa sai ya zo da shiri. Ban da wannan, karen bana shi ke maganin zomon bana. Tun 2018 aka buɗe rajistar da take sauƙaƙa wa ɗan wasa sauya makaranta, daga Yulin 2021 aka yarda su karɓi kuɗin talla da sunansu, a Yunin 2025 kuma kotu ta amince da yarjejeniyar da ta ba makarantu damar biyan 'yan wasa kai tsaye, kimanin dala miliyan 20.5 ga kowace makaranta a shekarar farko. Sakamakon haka ƙungiya tana iya sauya rabin 'yan wasanta tsakanin kaka da kaka, don haka kafin ka yi cika baki a watan Agusta, ka buɗe jerin sunayen bana ka ga ko waɗanda kake taƙama da su suna nan.

Akwai kuma ladabin zama, wanda bai bambanta da na kowace majalisa ba. Zolaya tana da daɗi tsakanin tsara, kuma wanda aka doke ƙungiyarsa ranar Asabar ya san ba zai sha shayinsa cikin kwanciyar hankali ranar Lahadi ba. Amma idan wanda ya girme ka ne ya yi kuskuren suna ko shekara, ka ce, "Yaya, ina jin kamar a 2019 ne," ka miƙa masa wayar ya gani da kansa. Ka kuma tuna cewa yawancin waɗanda ake musun a kansu yara ne 'yan shekara 18 zuwa 22, sa'annin ɗalibanmu na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, don haka sukar wasansu daban, zaginsu daban.

Watan Maris

Idan lokacinka bai isa ka bi komai ba, ka ajiye shi don gasar kwando ta watan Maris, wadda suke kira March Madness, wato haukan Maris. A 2011 aka faɗaɗa ta maza zuwa ƙungiyoyi 68. Zakarun rukunoni suna samun gurbi kai tsaye, kwamiti ya cike sauran, a sanar da jadawali a wata Lahadi a tsakiyar watan. Bayan wasannin share fage, sai a rage 64, a raba su shiyya huɗu, kowace shiyya a jera ƙungiyoyinta bisa ƙarfinsu daga lamba 1, wadda ta fi ƙarfi, zuwa 16, ta 1 ta kara da ta 16, ta 2 da ta 15, har zuwa ta 8 da ta 9. Wasa ɗaya ne, wanda aka doke ya koma gida. A ranakun Alhamis da Juma'a na farko ana buga wasa 16 kowace rana, kuma na farkon yana kamawa wajen ƙarfe 5 na yamma a agogonmu.

Al'adar magoya baya ita ce kowa ya cike jadawalinsa kafin a fara, ya rubuta wanda yake ganin zai ci kowane wasa har zuwa kofi. Wannan za ku iya yi a majalisarku da takarda da biro: a ba da maki 1 ga kowane hasashen da ya yi daidai a zagayen farko, a riƙa ninkawa a kowane zagaye, mutum ɗaya amintacce ya riƙe takardun kowa tun kafin wasan farko don kada wani ya gyara nasa. Kada a sa ko sisi a kai, domin da zarar kuɗi ya shiga ya zama caca, kuma mun ga yadda shagunan caca suka lalata wa matasa kallon ƙwallon Turai. A wajenmu wanda ya yi nasara abin da yake samu shi ne a kira shi Sarkin Hasashe har shekara ta zagayo, kuma ban ga wanda ya raina wannan sarauta ba.

Wajen cikewa, ka bar manyan ƙungiyoyin da suke saman jerin su yi nisa, amma ka zaɓi ƙanana biyu ko uku da za su ba da mamaki a zagayen farko, musamman tsakanin masu lamba 10 zuwa 12. A 2008 Stephen Curry ya ja ƙaramar kwalejin Davidson, mai lamba 10, har zuwa zagayen ƙungiyoyi takwas. Shekaru da yawa ana cewa mai lamba 16 ba ta taɓa doke mai lamba 1 a gasar maza ba, sai a 2018 UMBC ta lallasa Virginia da maki 74 da 54, Fairleigh Dickinson kuma ta maimaita a kan Purdue a 2023. Virginia ɗin nan ita ce ta dawo ta ɗauki kofi a 2019, abin da nake tuna wa duk wanda ya yi saurin binne ƙungiya. Kada kuma ka tsallake gasar mata, wadda UConn ta ci sau 12, kuma a cikinta ne aka ga Caitlin Clark ta Iowa, wadda a 2024 ta zarce kowa, mace ko namiji, a yawan maki a tarihin mataki na ɗaya.

Wasan ƙarshe na maza daren Litinin ake yi a can, wanda yake zama wajen ƙarfe 2 na daren wayewar Talata a Katsina, saboda haka ka yi cajin waya da fitila tun da rana, ka sayi data, ka kwanta bayan isha'i ka sa ƙararrawa. A 2023 daren ya faɗo cikin azumi, muka taru mu biyar a zauren wani abokinmu da fulas ɗin shayi, muna kallon UConn da San Diego State. Babban ɗan wasan UConn, Adama Sanogo, ɗan Bamako ne ta ƙasar Mali, kuma yana azumi ya buga wasannin gasar da suka faɗo cikin watan. UConn ta ci da maki 76 da 59, aka ba Sanogo kyautar gwarzon gasar, kuma ana cikin miƙa kofin ne aka aiko yaro daga cikin gida ya ce mu shigo da kwanuka, an sauke sahur.